A Auna Su Tun Suna Cikin Fili

Kowace shekara, da zarar an naɗa wa sarkin kokowa rawani, an miƙa masa takobi, an jawo masa doki, jama'a sun watse, sai wata kokowar ta tashi wadda ba ta da alƙali kuma ba ta da ranar ƙarewa. Ita wannan da baki ake yin ta, a fadar shayi, a tashar motocin Keita da Abalak, a rumfunan babbar kasuwar Tawa, har cikin ɗakin malamai na makarantun sakandare. Kalma ɗaya ce ke yawo: ƙwaya. Wai wane bai kayar da wane ba sai da ƙwaya. A dubi wuyansa, a dubi ƙirjinsa, bara ba haka yake ba. Babu mai kawo shaida, babu kuma mai neman ta.

Masu wannan zance sun kasu biyu. Kashi na farko, galibi dattawa da masu kwaikwayon dattawa, cewa suke yi kokowa ta mutu tare da zamanin su Kantu, na yanzu duk buhunan magani ne, don haka girma na mutanen dā ne kaɗai, kada a kuskura a jera sunan yaron yau kusa da nasu. Kashi na biyu kuwa cewa suke a bar tone-tone, ai tun fil'azal ɗan kokowa da taimako yake shiga fili, wanda ya ɗaura laya da wanda ya haɗiyi ƙwaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Dukansu biyu sun kauce hanya, kuma kaucewarsu ta yi wa mutum ɗaya daɗi, wato mai shirya gasa, wanda ke zaune cikin inuwar rumfar manyan baƙi, ba a taɓa ambaton sa a cikin gardamar ba.

Maganar tana da nauyi a Nijar fiye da yadda ake zato, saboda ƙasar tana da hanyarta ta dawwamar da sunan gwani. Filin kokowar Maraɗi yana ɗauke da sunan Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin da ya ɗauki takobin farko a gasar ƙasa ta farko da aka yi a nan Tawa cikin 1975. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani gare shi, na Damagaram Langa-Langa, na Tilaberi Naruwa Sanu, na Tawa Hamidin Mai Dare. Na Yamai an ba shi sunan Isaka Dabore, ɗan damben da ya kawo wa ƙasar lambar tagulla daga wasannin Olamfik na Munik a 1972. Bayan filaye akwai bakin makaɗi, wanda ya fi siminti daɗewa: wanda Sagalo ya wasa, jikokinsa ma sun gaji wani abu. Wata rana za a zauna a zaɓi sunayen da za a raɗa wa sababbin filaye, kuma daga cikin mazajen wannan zamani za a zaɓa. Ranar nan raɗe-raɗin fadar shayi za su biyo su har cikin zauren shawara. Wata ƙasa ta riga ta shiga wannan rami, kuma fiye da shekara ashirin ke nan tana fafutukar fita.

A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, ƙwallon kulki: ɗaya ya jefo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, ɗaya ya tare shi da kulki, in ya buga ya tsallake shingen fili to ya yi bugun da ya fi kowane daraja. Wasan yana da matsayi a zukatansu kamar na kokowa a nan, uba na kai ɗansa kallo, ana haddace alƙaluman gwanaye kamar yadda ake haddace kirari. A wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown, cikin jihar Niyok, suka gina Zauren Fitattu, aka buɗe shi a 1939. Ɗan wasa ba ya shiga sai ya yi shekara biyar da barin fili, sa'an nan ƙungiyar marubutan wasan ta jefa ƙuri'a, sai wanda ya sami kashi 75 cikin 100 ake kafa wa allon tagulla mai ɗauke da fuskarsa. Cikin ƙa'idar zaɓen akwai sharaɗin cewa a dubi hali da riƙon amana tare da ƙwarewa. Shekara da shekaru wannan sharaɗi yana barci. Sai da maganar ƙwaya ta taso aka tashe shi.

Ga yadda abin ya faru. A 1994 ƴan wasa suka shiga yajin aiki, har aka soke gasar ƙarshe ta shekarar, ƴan kallo suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. Abin da ya taimaka wajen dawo da su shi ne tseren 1998, lokacin da Mark McGwire ya yi bugun tsallake shinge 70, Sammy Sosa ya yi 66, dukansu suka wuce bajintar da ta tsaya tun 1961. Filaye suka cika, talabijin ta zuba kuɗi, masu kulob suka yi ta dariya. A tsakiyar wannan biki wani ɗan jarida, Steve Wilstein, ya hango kwalbar wani sinadarin gina jiki a ma'ajiyar kayan McGwire, ya rubuta. Maimakon a gode masa, sai aka yi masa ca, wai ya leƙa abin da ba ruwansa. Tun 1990 dokar Amurka ta sa sitiroyid, wato ƙwayoyin gina tsoka, cikin magungunan da ba a riƙe su sai da izinin likita. A 1991 shugaban wasan ya aika wa kulob-kulob takardar hani. Amma ba a auna kowa ba. Sai 2003 aka yi awon gwaji, wanda ba hukunci a cikinsa, aka tarar fiye da kashi 5 cikin 100 na samfuran sun nuna ƙwaya. Awo mai hukunci bai fara ba sai 2004. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin hani da awo, kuma a cikinsu aka ci kasuwa.

Da asiri ya tonu, sai kowa ya zama waliyyi. Majalisar dokoki ta kira ƴan wasa a watan Maris na 2005. Rafael Palmeiro ya ɗaga yatsa ya rantse bai taɓa sha ba, bayan wata biyar aka dakatar da shi saboda awo ya kama shi. A Disamban 2007 rahoton tsohon sanata George Mitchell ya fito da sunayen ƴan wasa fiye da 80. McGwire da kansa ya amsa laifi a farkon 2010. A zaɓen 2013 marubuta suka ƙi shigar da kowa zauren, don nuna ɓacin rai.

Mutane biyu ne wannan fushi ya fi faɗa wa. Barry Bonds ya yi bugun tsallake shinge 762, ba wanda ya kai shi a tarihin babbar gasar. Ya yi 73 a shekarar 2001 kaɗai. Sau bakwai ana zaɓen sa gwanin shekara. Roger Clemens kuma sau bakwai yana karɓar kyautar gwanin masu jifa. Shekara goma sunayensu na gaban marubuta, a zaɓensu na ƙarshe cikin 2022 Bonds ya tsaya a kashi 66, Clemens a 65 da ɗoriya, ƙofa ta rufe. Kwamitin dattawan da ya sake duba su a ƙarshen shekarar bai ba kowannensu ko ƙuri'a huɗu cikin goma sha shida ba. Shaidun da ke kansu ba ƙanana ba ne, musamman Bonds, wanda binciken kamfanin BALCO na 2003 ya taɓa mai horar da shi, shi kuma ya ce a zatonsa man shafawa da man tsirrai ake ba shi, maganar da ko yaron goye zai yi wa murmushi. Duk da haka hukumar wasan ba ta taɓa dakatar da ɗayansu saboda ƙwaya ba ko na kwana ɗaya. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar rantsuwar ƙarya a 2012. Hukuncin da aka yanke wa Bonds a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015.

To, a ce an yarda, zaure na masu tsarki ne. Sai a leƙa ciki a ga su wa ke rataye a bango. Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan a kusan dukan shekarun cin kasuwar, an shigar da shi a 2017. Tony La Russa, kocin da McGwire ya yi wasa a hannunsa a Oakland da Sen Luwis, ya shiga tun 2014. Gaylord Perry, wanda ya wallafa littafi guda yana bugun ƙirji da yadda yake shafa wa ƙwallo abin da doka ta hana, yana ciki tun 1991. Zamanin da ake ce wa mai tsarki, na shekarun 1960 da 1970, kowa ya san ƙwayoyin hana gajiya suna yawo a ɗakunan sauya kaya kamar alewa, ba a kuma fara auna su ba sai 2006. Gwanayen da suka gabaci 1947 kuwa sun kafa bajintarsu ne a gasar da aka hana baƙar fata shiga. Wannan ma wani taimako ne, kuma doka ce ta ba su shi. A zaɓen nan na 2022 da aka kori Bonds, an shigar da David Ortiz a karonsa na farko, alhali jarida ta taɓa ambaton sunansa cikin waɗanda awon gwajin 2003 ya nuna. Gaskiya ne shugaban wasan ya ce sakamakon wancan awo ba abin dogaro ba ne ga kowane mutum, kuma ba a sake samun Ortiz da komai ba. Amma gaskiya ne kuma Ortiz mutum ne mai fara'a da ƴan jarida ke ƙauna, Bonds kuwa mai ɗaure fuska ne da ya sha wulaƙanta su. Inda babu awo, farin jini ke zama ma'auni.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Waɗanda suka sayar da tikiti, da waɗanda suka rubuta yabo suna kau da kai daga kwalba, su ne daga baya suka ɗaura rawanin alƙalai, suka zauna suna tace wanda ya cancanci girma. Ƙwallon da Bonds ya karya bajintar Hank Aaron da shi a watan Agustan 2007 yana cikin gidan tarihin na Cooperstown, an yi masa tambarin tuhuma, ana biyan kuɗi a kalle shi. Mai bugun kuwa yana waje.

Kada mai karatu ya ɗauka ana neman wanke masu shan ƙwaya ne. Ɓarnarsu tana da girma, kuma wanda ta fi cuta shi ne wanda bai sha ba. Misalin na kusa da gida yake. A wasannin Olamfik na Sidni cikin 2000, ƴan tseren miƙa sanda na Najeriya na mita 400 sau huɗu suka zo na biyu bayan Amurka. Bayan shekara takwas ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna a lokacin. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinariyarta. Sunday Bada, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka yi gudun, ya rasu a Disamban 2011, bai taɓa ta da hannunsa ba. Shi kansa mai shan ba ya tsira: Ken Caminiti, gwanin shekara na 1996 a besbol, wanda ya fito fili a 2002 ya faɗi abin da ya sha, ya mutu a 2004 yana da shekara 41, bayan doguwar fama da miyagun ƙwayoyi. Sai dai a lura da abin da ya bambanta waɗannan shari'o'i da ta Cooperstown. Ben Johnson an karɓe zinariyarsa a Seul cikin 1988 kwana uku bayan tseren, saboda fitsarinsa ya nuna. Blessing Okagbare ta Najeriya an fitar da ita daga wasannin Tokiyo a 2021 ana tsakar gasa, saboda awon da aka yi mata kafin gasar. Ba wanda ke gardamar ko za a raɗa wa fili sunan Ben Johnson. Awo ya yanke maganar a lokacinta.

A dawo Adar. Kalmar ƙwaya da ake jifan ƴan kokowa da ita buhu ce da aka cusa abubuwa dabam-dabam a ciki, kuma masu jifan ba su damu su rarrabe ba. Sitiroyid na gina tsoka kwaikwayon sinadarin mazantaka ne. Ba a shan sa ranar karawa a ga aiki, makonni da watanni yake ɗauka tare da horo, kuma tsokar da ya gina ba ta zubewa ranar da aka daina. Ladansa na baya shi ne ciwon zuciya, lalacewar hanta, saurin fushi da raunin haihuwa. Tramol kuwa, wanda ba ƙauyen da bai san shi ba daga Ƙonni har Cintabaraden, wanda ɗan kabu-kabu da mai haƙar rijiya da ɗan ci-rani suka mayar abokin aiki, ba ya ƙara ƙarfi ko na ƙwayar gero. Zafi da gajiya yake rufewa, har mutum ya ci gaba da kokowa da tsagaggen haƙarƙari bai sani ba, in ya yi yawa ya jefa shi farfaɗiya. Hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin wasanni ta sa shi cikin abubuwan da aka hana lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairun 2024. Sai kuma maganin sa ƙiba, irin wanda ake ce wa sha-ka-fashe, da masu tallan magani a tire ke sayarwa ba takardar likita. Wannan shi ne na wawaye: fuska da ciki yake kumburawa, ya tara ruwa a jiki, ya cinye tsoka da ƙashi a hankali, ya buɗe wa ciwon suga ƙofa. Amma a gasar takobi ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, siriri da ƙato fili ɗaya suke shiga, don haka duk abin da ke ƙara kilo yana da masu sha'awa.

Masu cewa laya da ƙwaya abu ɗaya ne ba su zauna sun yi tunani ba. Laya a fili ake ɗaura ta, a damtse da ƙugu, bisa walki, abokin karawa yana gani, shi ma da tasa. Tofi da turare da tsayuwar da ake yi a bakin fili kafin a shiga duk cikin wasan suke, kamar kirari da kiɗa da barkwancin ƴan cali-cali, kuma ƴan kallo don su ma suke zuwa. Ko laya na aiki ko ba ta yi, wannan gardamar malamai ce da bokaye, an daɗe ana yin ta. Ƙwaya ba ruwanta da imani: tana aiki a jikin wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, a ɓoye ake shan ta, kuma ba a taɓa jin layar da ta ruɓar da hanta ba. Inda abin tsoro yake shi ne mahaɗar biyun, wato ranar da wani mai ba da taimako marar tsoron Allah zai daka ƙwaya ya zuba cikin tsimi ko rubutu don a ce maganinsa na ci. Dokar wasanni ta duniya ba ta tambayar niyya. Abin da aka samu a jikin ɗan wasa nasa ne. Saurayin da ya taso daga Barmu ko Takanamat, wanda bai yi lakwal ba, zai iya rasa sunansa a kan ƙwaryar da ubangidansa ya miƙa masa.

Su kuma masu cewa mutanen dā ne kaɗai tsarkaka, ƙauna ce ke magana a bakinsu, ba hujja ba. Babu wanda ya auna Kantu ko Salma ko Kadade, kuma babu mai hankalin da ke tuhumar su. Zamaninsu kasuwa ba ta cika da waɗannan magunguna ba, ladan takobi kuma bai kai abin da zai sa mutum ya sayar da hantarsa ba. Girmansu ya tsaya a kan abin da dubban idanu suka gani a fili. To, da wane dalili za a hana na baya wannan ma'auni? Adar ta ba ƙasar nan sarakunan kokowa tun daga Kadade da Kasu Kazuga har Haruna Abdu, da Yahaya Kaka wanda ya ɗauki takobi a gaban mutanensa a Tawa cikin 2017, da Abba Ibro wanda ya ɗauko shi daga Doso a ƙarshen 2024. Kadri Abdu na Doso, Isaka Isaka, ya tara takobi shida, abin da ba wanda ya yi kafinsa. Waɗannan mutane sun sha rana, sun ɗauki buhunan yashi, sun karye sun ɗore. Duk wanda ya buɗe baki ya ce na yanzu duka ƙwaya ce, ya yi musu ƙazafi a dunƙule, ya kuma yi shi ne a inda ba za su iya kare kansu ba, domin ba a wanke mutum daga zargin da ba a rubuta ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ga kuma wani abin da ya kamata masu kukan zamanin dā su ji kunyarsa: tsofaffin zakarun da ake rantsuwa da sunansu, da yawansu sun tsufa cikin rashi, gwiwa ta lalace, baya ya ƙage, sai lokacin gasa a tuna da su a zaunar da su gefen rumfa a nuna wa kyamara. Wanda ke son girmama su ga hanya nan a buɗe, ba sai ya bi ta kan mutuncin yaran da suka gaje su ba.

Nauyin yana wuyan masu shirya gasa, wato ma'aikatar wasanni, tarayyar kokowa ta ƙasa, hukumomin jahohi, da kamfanonin da ke manna tallarsu a kowane bangon fili. Su ne suka ɗaga ladan takobi ya kai miliyoyin sefa, ga kyaututtukan ƴan kasuwa da ƴan siyasa da ke biyo baya, a yankin da matashi ke tafiya Abijan ko Libiya don neman abin da bai kai ushirin wannan ba. Ƙara lada abu ne mai kyau, ƴan kokowa sun cancanci fiye da haka. Amma wanda ya rataye nama a tsakar gida shi ke da alhakin gyara darni. Ba kuma za a ce babu masaniya ko kayan aiki ba: Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kan yaƙi da ƙwayoyi a wasanni, kuma ofishin yanki da ke kula da wannan aiki a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma a Yamai yake zaune.

Awon da za a yi cikin kwanakin gasa kaɗai, kowace irin sanarwa aka yi masa, tramol zai kama da wanda bai iya lissafi ba. Mai sitiroyid ya gama aikinsa tun damina, ya daina sha kafin kaka. Ƴan kokowa tamanin ne ke zuwa gasar, goma daga kowace jaha cikin takwas, kuma ana sanin manyansu tun kafin zaɓen jahohi. Ba abin da zai hana a same su a garuruwansu ba zato ba tsammani, a Kalfu ko Tamaske ko Buza, wata biyu ko uku kafin a buga gangar farko. Jerin abubuwan da aka hana, wanda ake sabuntawa kowace shekara da Faransanci da Ingilishi, a fassara shi da Hausa, Zabarmanci, Tamajak, Fulatanci da Barbarci, da sunayen da magungunan ke ɗauke da su a tiren mai talla, a karanta shi a gidajen rediyon karkara. Hukunta mutum a kan dokar da ba a taɓa faɗa masa da harshensa ba zalunci ne. In an kama ɗan kokowa, a bi sawu har ga wanda ya ba shi, ko koci ne ko ubangida ko ma'aikacin asibiti, don kada a maimaita abin Amurka inda yaro ya sha duka, maigida ya sha yabo. Sakamako kuma a bayyana shi ga jama'a, na wanda aka kama da na wanda aka wanke. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, ko da yake shi aka fi mantawa: takardar da ke cewa an auna wane sau kaza ba a sami komai ba ita ce kaɗai garkuwar da mai gaskiya zai riƙe a gaban fadar shayi.

Akwai masu cewa wannan duk kayan Turawa ne, za a ɓata al'ada da kwalabe da safar hannu. Al'adar da ta karɓi agogon alƙali, katin gargaɗi, lasifika da kyamarar talabijin tun shekaru, ba kwalbar fitsari za ta kashe ta ba. Tun ranar da gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauko kokowa daga dandalin ƙauye bayan girbi ta mai da ita gasar ƙasa mai takobi da doki, an riga an shiga sabon zamani. Ba a karɓar kuɗin zamani a ƙi ɗawainiyarsa.

Dokar duniya ta ba da shekara goma a sake buɗe samfurin da aka adana, saboda dabarun awo na ci gaba, abin da ya ɓuya yau gobe yana iya fitowa. Ta haka aka karɓe lambobi da dama na wasannin Bejin 2008 da na Landan 2012 shekaru bayan an rufe su. Wannan wa'adi ya dace da bukatar masu raɗa wa filaye suna. A adana samfurin mutum huɗun ƙarshe na kowace gasar takobi. Wanda ya ajiye walki, shekara goma suka wuce ba a same shi da komai ba, an rufe littafinsa: a raɗa wa fili sunansa, a sa shi cikin littafin lakwal, a yanka masa abin da zai riƙe tsufansa da shi, kuma duk wanda ya sake ɗaga maganar ƙwaya a kansa a tambaye shi takardarsa. Wanda aka kama kuwa a karɓi takobin a miƙa wa wanda ya kayar a karon ƙarshe, tun yana da rai da ƙarfin ɗaga shi. Su kuma waɗanda suka yi zamaninsu ba a auna su ba, tun daga 1975, laifin rashin awon ba nasu ba ne, ba kuma za a biya shi da sunansu ba. Kuɗin firiji da kwalabe da jigilar samfura zuwa ɗakin bincike a ciro shi daga kasafin masaukin manyan baƙi.